Akwatin da Baba Ke Zurawa a Rijiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, mahaifin mijina na fari, ya rasu wata Talata da hantsi, cikin kaka, mutane duk suna gona ana girbin hatsi. Na zaci da ƙyar za a cika sahu biyu a sallarsa, don a irin wannan lokaci ko biki aka kira ba mai barin gona. Amma kafin azahar ƙofar gidan ta cika har bakin hanya, wasu da ƙaiƙayi a gashin kai, wasu da laka a ƙafa, ga sharet, amalanken jakai, an jera a gindin bedi, wato dogon yaro.

Inna, matarsa, ba ta yi kuka ba a ranar. Tana zaune a bakin ɗakinta, ƙafafu a miƙe, duk wadda ta durƙusa ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ko hurarshi bai sha ba." Shi ke nan abin da take iya faɗi. Sai da aka zo ɗaukarsa ta miƙe tsaye, ta dafa bango, ta sake zama.

Mazan da suka je maƙabarta sun ba mu labarin Sarkin Gina, tsohon da ya gina rabin rijiyoyin Madarumfa, abokin Baba tun suna yara. Ya iske samari sun fara haƙa, ya karɓe digar daga hannunsu, ya ce, "Ba mai gina wanga rami sai ni." Bayansa ya riga ya tanƙware, amma ba wanda ya iya hana shi. Da ya gama sai ya kasa fitowa, aka kama hannuwansa aka ɗago shi, ya zauna kan tulin ƙasar yana kuka da murya, har liman ya je ya rufe shi da gefen rigarsa.

Kwanakin zaman makoki kuwa mutanen da ban taɓa gani ba suka yi ta zuwa, daga Gabi, daga Safo, daga Sarkin Yamma. Wata mata ta ja ni har bakin zaure ta nuna mini wani dogon mutum a cikin masu gaisuwa, ta ce, "Kin ga wancan? Uban ɗiyana ne. Bayan Allah, tsohonku ne ya bar mini shi." Ta ɗauki takalmanta ta tafi.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, abin da na iya shi ne alli da takarda. Na ga cewa nan da ƴan shekaru abin da zai rage a bakin mutane shi ne "wani tsoho mai akwati", kuma jikarsa, ɗiyata, za ta tashi ba ta san ko wane ne ba. Shi ya sa na zauna rubuta abin da na gani da wanda aka faɗa mini.

Lokacin da aka kawo ni gidan, a farkon shekarun casa'in, Baba bai jima da aje aiki ba. Ya yi mafi yawan ƙarfinsa a ramukan ma'adinai na arewa, inda aikinsa shi ne ya riga leburori sauka ya auna iskar ramin kafin a ce su shiga. Ya dawo gida da furfura, da wani tsohon akwatin ƙarfe cike da wayoyi, da ɗabi'ar shinshina komai. Tuwo ya shinshina, ruwan randa ya shinshina, ko sabuwar tabarma aka shimfiɗa sai ya kai mata hanci. A zaure yake yini yana gyaran radiyon mutane, tabarau a ƙarshen hanci, shayi na dahuwa a gefe.

Faɗansa da Inna kullum ɗaya ne, kuma duk sanyi sai an yi shi. Ya huda bangon ɗakinta can sama don garwashin da take shiga da shi, ita kuma ta cusa tsumma. Da safe ya ɗauki gora ya zaro tsumman, kafin marece ta maida.

"Kashe ni za ka yi da sanyi, Malam."

"Sanyi shina bari ki tashi ki yi mini hwaɗa. Garwashi ba shi bari."

Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta suruka. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa yana kallon radiyonsa. Ban san ko ya san kamannina ba.

Mijina shi ma malamin lakwal ne, amma ransa na garka. Yana da ɗan fili a bakin gulbi, yana sa albasa da tumatir da salati. Shekarun nan ne motopom, injin jawo ruwa, ta fara shigowa daga Jibiya, isansi, wato fetur, na araha, kowane mai garka na son ya huta da jan guga. Mijina ya sayo tasa. Damuwar ita ce da bazara ruwa yakan yi ƙasa, injin ya kasa jawo shi daga sama. Sai masu garka suka koyi sassaƙa ɗan gurbi a jikin rijiya daga ciki, su zura injin da igiya, ya yi ta aiki a can ƙasa.

Wata Lahadi injin ya yi aiki tun safe, sannan ya mutu. Mijina ya jira hayaƙin ya washe. Sarkin Gina na aiki a garkar maƙwabta, ya kira shi. Tsohon ya yi abin da ya gada, ya kunna fitila ya zura har kusa da ruwa, ta fito tana ci. Ya ce iskar lafiya lau. Mijina ya tuɓe riga ya sauka. Waɗanda ke bakin rijiyar sun ji ya ce a miƙo masa abin kwance fulogi, daga nan ba su sake jin muryarsa ba. Maƙwabcinsa ya ɗaura igiya a ƙugu ya bi shi, shi ma aka jawo shi a sume. Kafin a samu a fito da mijina rana ta take tsaka.

Ina wanke wa ɗiyarmu jiki, tana rarrafe a lokacin, aka shigo da shi. Ba rauni ko ɗaya a jikinsa. Kamar mai barci, har leɓɓansa sun fi kullum kyau. Na yi ta girgiza shi ina cewa a kawo ruwa, har Inna ta riƙe mini hannu.

A zaman makokinsa magana ta yi yawa cewa rijiyar na da iska, mutanen ɓoye ne suka riƙe shi. Ina daga cikin gida na ji wani dattijo na ba da shawara a yi wa rijiyar yanka. Sai na ji muryar Baba, wanda tun ranar bai ce uffan ba.

"Iska ce, gaskiyarku, amma ba wadda kuke nuhi ba. Gubar hayaƙin inji ce. Hayaƙin da ido ke gani shi tashi, ita ta kwanta. Ba ta da wari, ba ta kashe hitila. Na san ta. Shekara da shekaru ina tsare ɗiyan mutane daga gare ta."

Na ji ƙarar takalmansa ya fita.

Ina cikin takaba Baba ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya koma arewa, bai ce wa kowa ga abin da zai kai shi ba. Ya dawo ya rame, da wasu ƴan ƙananan abubuwa ƙunshe a hankici, wani tsohon abokin aikinsa ne ya samo masa su. Ya daina karɓar radiyon kowa. Ya fasa tasa radiyon, wadda yake jin labarai da ita, ya kwashe cikinta, ya yi ta liƙe-liƙe a cikin akwatinta.

Wata safiya bayan na fita takaba ya aiko a kira ni. Na tsaya a bakin zaure. Ya ce, "Ɗiyata, shigo ki zamna. Ke kin yi lakwal, ina son wani shi gane abin ga ban da ni." Ran nan ne ya fara kallon fuskata.

Ya ɗora mini ɗaya daga cikin abubuwan a tafin hannu. Bai fi kan ɗan yatsa ba, da ƴar hular raga ta ƙarfe. Ya ce a ƙarƙashin ragar akwai wani ɗan ƙwallo kamar ƙwayar gero, an shafe shi da tsatsar kuza da aka niƙa ta koma gari, ga kuma wata waya siririya a ciki da ke gasa shi.

"In iska na da kyau, tsatsar ga tana tare wa wutar batir hanya. In guba ta taɓa ta, sai ta saki, wuta ta wuce, ƙararrawa ta yi kuka. Kin gane?"

Na ce na gane. Ya sa na ɗebo garwashi a kasko, ya haɗa akwatin da batir, muka jira ya yi zafi, sannan ya kifa babbar tukunya a kansu duka. Ba a jima ba wata ƙara mai tsini ta tashi daga ƙarƙashin tukunyar, kaji suka watse, Inna ta fito da muciya a hannu. Na ɗaga kai don in yi masa barka. Fuskarsa ba ta mai murna ba ce. Ya bar abin yana ta kuka, ya daɗe, sannan ya cire wayar.

"Ƙwayar gero," ya ce. "Abin da yaron ga ya rasa ke nan." Ya tashi ya shige ɗaki, bai fito ba sai la'asar.

Daga nan rayuwarsa ta koma kan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa. Akwati a rataye a kafaɗa, batir ɗaure a baya, igiyar kaba a naɗe a gaba. Duk inda ya ji ƙarar motopom sai ya ratse. Ba ya jiran a kira shi, ba ya karɓar ko albasa. Masu garka suka sa wa akwatin suna Hancin Baba. Da farko abin dariya ne, don sai an jira ya yi zafi kafin a zura shi, su kuma suna sauri, ruwa na jiran fage. Yakan ce, "Ku bari shi hwarka, ku ma ba ku tashi barci ku kama aiki." Ga shi ba hayaƙin inji kaɗai ke sa shi kuka ba. Ya yi wa turare, ya yi wa taba. Masu sai da isansi a kwalba a bakin tasha in sun hango shi sai su ce, "Baba, rufe bakin ɗanka, za shi tona mu."

Akwai wani abu da ban sani ba sai a makokin Baba, matar wanda abin ya shafa ce ta faɗa mini. Wani mai garka, mutum mai iyali, zai sauka rijiyarsa, surukansa na tsaye a wurin sun zo taya shi aiki. Baba ya kunna akwati a bakin rijiya. Mutumin ya sunkuya yana leƙa ragar, numfashinsa ya daki abin, sai ƙara ta tashi tun ba a zura shi ba. Kowa ya yi mamaki. Baba ya san abin da ke sa haka, ya gani a arewa: giya ce. Ya dubi mutumin, mutumin ya sadda kai. Sai Baba ya buga akwatin da tafin hannu, ya ce, "Batir ya yi sanyi, abin ga ƙarya shikai yau. Amma tunda ban auna ba, ba mai sauka sai gobe." Washegari ya je ya same shi shi kaɗai. Ba wanda ya san abin da suka faɗa. Labarin da ya bazu a garkoki shi ne Hancin Baba na ƙarya, aka yi ta yi masa ba'a har ƙarshen rani, shi kuwa bai taɓa gyara maganar ba.

Abin da ya fi cinsa a rai shi ne Sarkin Gina. Baba bai taɓa ɗora masa laifin mijina ba, ko da wasa. Amma tsohon ya ɗauki akwatin kamar yatsa ne aka nuna masa. In ya hango mobilet sai ya juya baya. Ya ce duk rijiyar da aka zura abin nan shi ba ya sake taɓa ta. Mutanen da suka yi kiwon awaki tare suna yara suka koma ko a masallaci kowa da gefensa. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta wuce.

A Safo abin ya ƙare. Ban je ba, amma na ji daga bakin mutane da yawa kuma maganarsu ɗaya ce. An kira Sarkin Gina yasar wata rijiya da inji ya yini a ciki. Wanda zai sauka ƙanen matarsa ne. An zura fitila ta fito tana ci, mutumin ya riga ya ɗaura igiya, sai ga Baba. Bai yi sallama da kowa ba, ya kunna akwati, ya jira, ya zura. Tun bai kai rabi ba ƙara ta taso daga cikin rijiya.

"Ɗauke tarkacenka," in ji Sarkin Gina. "Hitila ta ci."

"Ta ci rannan ma."

Maganar ta fita, ba ta komuwa. Sarkin Gina ya yi kansa da hannu a ɗage, aka riƙe shi. Baba kuwa ya je ya zauna daram a kan itacen da aka gicciya a bakin rijiyar, ƙafafunsa na lilo a ciki, ya ce duk mai son sauka sai ya ture shi tukuna. Mai rijiyar ya rasa yadda zai yi, ya ce a raba gardama da kaza. Aka sa ta a kwando aka zura, aka ɗan jira. Ta fito wuya a langaɓe.

Sun ce Sarkin Gina ya ɗauki kazar yana jujjuya ta a hannu, ya daɗe. Sannan ya ce, murya can ƙasa, "Da rannan akwai wanga abu..."

Baba ya sauko daga kan itacen. "Kwananshi ne ya ƙare. Kada ka sake hwaɗin haka. Ni ma maganar da na yi maka ɗazu, ka yahe mini." Ya ɗauko fitilar ya miƙa masa. "Kuma kada ka aje wagga. Akwai iskar da ke kashe hitila wadda nawa ba shi ji. Kai da naka, ni da nawa."

Tare suka dawo a kan mobilet, tsofaffi biyu da batir a tsakaninsu, yaran unguwa na bin su da ihu. Inna ta leƙa ta gan su, ta koma ta ƙara ruwa a tukunyar shayi.

Ba kullum Baba yake isa kan lokaci ba. Wata bazara aka zo da labari daga wajen garin Sarkin Yamma: wa da ƙane, ɗaya ya faɗi, ɗayan ya bi shi ba igiya. Baba ya ratsa ta garkarsu kwanaki kaɗan kafin nan bai iske kowa ba, ya ce zai dawo. Ya je jana'iza, ya dawo ya jingine mobilet, ya zauna a ƙasa ba tabarma. Na kai masa abinci, ya ce in ɗauke.

"Rijiyoyi sun yi yawa, ɗiyata. Ni ɗaya ne, akwati ɗaya ne."

Bayan wannan ya fara tsayawa a ƙofar masallatai in an sallame Juma'a, da bakin kasuwanni, yana faɗin abu guda har mutane suka haddace: kada a sauka ranar da inji ya yi aiki, a ɗaure rassan bedi a igiya a yi ta ja sama da ƙasa a kori iskar, kada kowa ya sauka ba igiya a ƙugu, kuma in mutum ya faɗi a ciki kada ɗan uwansa ya bi shi da gudu. Wannan na ƙarshe in ya zo kansa sai ya maimaita.

Ƴan ƙwallayen ma suna tsufa. Ɗaya bayan ɗaya suka daina ji, har saura na ƙarshe, abokin nasa na arewa kuma ya rasu. Kowace safiya sai ya gwada shi da garwashi kafin ya fita, kuma ina lura yadda kukan ke ƙara jinkiri. A wannan lokaci ɗan ƙanensa, wanda ke karatun shimi, ilimin sinadarai, a jami'a a Yamai, ya zo hutun bakansi. Baba ya zaunar da shi ya buɗe masa akwatin. Saurayin ya ce malamansu sun ba su labari cewa a wasu ƙasashe masana na neman hanyar maida irin wannan tsatsa, ta kuza da ta tutiya, gari mai laushin da ido ba ya gani, kai ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna ƙwayarsa.

"To mi amfanin laushin?" in ji Baba.

"Baffa, in ka jiƙa dunƙulen gishiri da garin gishiri, wane ke riga narkewa? Haka guba take. In ƙwayoyin sun yi ƙanana, ko'ina a jikinsu hanci ne. Ɗan kaɗan ya taɓa su sai su ji. Ana sa rai ma wata rana ba sai an gasa su sosai ba, ƙaramin pil irin na tocila ya isa."

Baba ya juya wajen cikin gida ya ɗaga murya, "Inna, ara mini turminki!" Muka yi dariya, shi ma ya yi, rabon da in ji dariyarsa har na manta. Sannan ya dafa gwiwar saurayin.

"Ni ban ganin wanga. In ku kunka gani, kada ku bar shi cikin laburatuwar. Ku yi shi ƙarami, wanda mai garka ka ratayawa a wuya kamar laya."

Ni kuwa na ci gaba da zama a gidan, ina zuwa lakwal ina dawowa, ban da niyyar zuwa ko'ina. Da wani ya fito nemana da aure na ƙi ko fita. Baba ne ya kira ni.

"Ɗiyata, gidan ga naki ne har abada. Amma ke yarinya ce, ban son in gan ki kina tsufa a gaban tsohhi biyu." Shi da kansa ya hau mobilet ya je ya binciki mutumin, ya dawo ya ce ya yarda da shi.

Da aka sa rana dangin mijina suka taru a kan maganar ɗiyata. An yaye ta tuni, kuma bisa al'ada a gidan ubanta za ta zauna. Gwaggonninta har sun fara shawarar wadda za ta riƙe ta. Ina ɗaki ina jin su, na rungume yarinyar. Ita kaɗai ce abin da ɗan Baba ya bari a duniya, kuma na san yadda take barci a cinyar tsohon a zaure. Baba ya bar kowa ya gama magana, sannan ya ce, "An raba ta da uba. Ba ni ka raba ta da uwa ba." Wata ta fara cewa ai jininsu ce, ya ce, "Na gama." Ranar da za a kai ni ya aiko mini da gado da katifa kamar uban da ya haife ni, shi kuma tun safe ya ɗauki akwatinsa ya tafi Gabi, bai dawo ba sai da muka tafi. Inna ta ce kwanaki ya yi yana dama wa yarinyar fura a ƙaramin kofinta kafin ya tuna ba ta nan.

Ciwon ajalin Baba ya fara da kumburin ƙafafu da haki. An kai shi Maraɗi, likita ya ce zuciya ce ta gaji, aka ba shi magani aka dawo da shi. Damina ta ƙarshe a kwance ya yi ta. Nakan zo in an tashi lakwal in zauna da Inna.

Ƴan kwanaki kafin rasuwarsa na iske an fito da shi inuwar rumfa bayan la'asar. Inna ta shiga maƙwabta. Na gaishe shi zan wuce, ya nuna mini gefen tabarma. Ya daɗe yana haki kafin ya yi magana.

"Ɗiyata, tambaya gare ni. Mijinki... wane irin mutum ne?"

Na ɗaga kai na dube shi. Ya ce, "Ɗan hwari ne. Ban taɓa ɗaukar shi ba, ban taɓa kiran sunanshi ba, haka munka iske iyayenmu na yi. Ina arewa ya girma. Da na dawo ya zama magidanci, in ya shigo zaure sai in kama waya, shi kuma shi gaishe ni shi wuce. Na ce akwai lokaci. Ke kin zamna da shi. Hwaɗa mini."

Sai na faɗa masa. Na ce yana waƙa in yana wanka, muryar ba daɗi, kuma bai sani ba. Na ce yana tsoron allura fiye da yaran ajinsa. Na ce ba ya iya cin tuwo sai ya ɓata gaban rigarsa. Na ce in na yi fushi yakan ɗora tabarau na ƙarya a ƙarshen hanci, ya rungume hannu a baya, ya yi tafiyar Baba a tsakar ɗaki har sai na yi dariya. Baba ya ce, "Ni?" Na ce, "Kai, Baba. Har tarin." Ya yi murmushi, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

"Ƙara."

Na ce tumatirin da ya fara nuna a garkar, mijina ya zaɓi manyan ya kawo gida, ya tsaya a bakin zaure da su a hannu, sannan ya zagayo ya ba ni, ya ce in sa a miyar Baba kada in ce daga ina suke. Na ce da dare ya tambaye ni ko Baba ya ce wani abu a kan miyar.

"Mi na ce?"

"Ba ka ce komi ba, Baba. Amma ka nemi ƙari. Na gaya mishi, ya kwana shina murna."

Ya rufe ido. Leɓɓansa suka motsa, na matsa kusa na zaci ruwa yake so. Sunan ɗansa yake kira, a hankali, yana maimaitawa, kamar mai koyon kalma a sabon harshe. Na zauna ina jinsa har aka kira magariba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya shi. Ka ba Inna haƙurin da ya fi ƙarfinmu mu ba ta. Ka sada shi da ɗansa a inda ba kunya tsakanin uba da ɗa, su zauna su yi hirar da ba su yi ba. Amin.